Ƙararrawar da ke Bakin Gonar Inabi

Aiki ne ya kai ni Cape Town, wani taro na masu rubuta manhaja na kwana huɗu. Ranar Asabar da aka tashi, abokan aikina suka ce an shirya fita zuwa gonakin inabi na wajen Stellenbosch, tafiyar ƙasa da sa'a guda a mota. Na ce musu ni fa ba na shan giya. Suka ce ai ko don duwatsun wurin ma ya kamata in je, kuma za a ba ni ruwan inabi wanda bai tsima ba. Na bi su.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗakin ɗanɗano wani zaure ne da masu gonar ke warewa domin baƙi. Ka biya kuɗi, a zaunar da kai a dogon teburi, a jera maka kofunan gilashi biyar ko shida, a zuba 'yar kaɗan a kowanne. Akwai wani bokiti a tsakiya, inda masu son gane bambanci ke tofar da abin da suka kurɓa don kada kansu ya juya. Wata budurwa mai fara'a ta tsaya tana bayanin ƙamshin kowace kwalba, sannan ta ba mu tarihin gonar cikin minti uku: wani Bature ya zo a shekara kaza, gwamna ya ba shi fili, ya dasa inabi, jikokinsa suka gina wannan farin gidan. Shekarar ma tana nan rubuce a goshin ginin.

Da na gaji da zama sai na fita waje. A gefen ciyawa akwai wasu fararen ginshiƙai biyu, an rataye ƙararrawa a tsakaninsu, wasu masoya suna ɗaukar hoto a ƙarƙashinta. Direbanmu, wani dattijo Musulmi ɗan asalin birnin, yana jingine da mota. Na tambaye shi ko ta coci ce. Ya ce a'a, ta bayi ce. Da ita ake tayar da su da asuba, da ita ake sallamar su da magariba. Ya ce in lura, zan gan ta a tsofaffin gonaki da dama.

Abin da na karanta tun daga ranar shi ne zan ɗan kawo a nan.

A 1652 kamfanin kasuwancin Turawan Holan mai harka da gabashin duniya ya tura Jan van Riebeeck ya kafa zango a wannan lungu na kudancin Afirka. Ba su zo da niyyar kafa ƙasa ba. Wurin da jiragensu masu zuwa Indiya da Indonesiya za su sha ruwa su ɗebi ganye da nama suke nema. Van Riebeeck ya sa aka kawo masa dashen inabi, kuma ranar 2 ga Fabrairu 1659 ya rubuta a littafinsa cewa an matsi giya karon farko daga inabin Cape. Wannan rana duk mai sayar da giya a Afirka ta Kudu ya haddace ta.

Shekarar da ta gabace ta ce ba a cika ambata ba. A watan Maris na 1658 jirgin Amersfoort ya sauke bayi 'yan Angola da aka ƙwace daga wani jirgin Turawan Fotugal, yawancinsu yara ƙanana. A watan Mayu wani jirgin mai suna Hasselt ya iso da wasu sama da 200 daga wajen Popo, a gabar tekun Jamhuriyar Benin ta yau, wato nan maƙwabtanmu. Van Riebeeck ya buɗe wa yaran makaranta, kuma ya rubuta cewa a riƙa ba kowannensu ɗan kofin barasa da guntun taba, don su mai da hankali wajen koyon addu'o'in Kirista. Mai karatu ya riƙe wannan kofin a ransa, zai sake bayyana.

Filin da aka dasa inabin kuwa makiyayar Khoikhoi ce, mutanen da ke yawo da shanunsu a wurin tun kafin a san da Turawa. Sun yi yaƙi a kansa a 1659, aka ci ƙarfinsu, sannan annobar agana ta 1713 ta yi musu mummunar ɓarna. Waɗanda suka rage da yawa sun koma 'yan ƙodago a ƙasar kakanninsu.

Wanda ya mai da inabi babbar harka shi ne Simon van der Stel. Shi ya kafa Stellenbosch a 1679 ya raɗa mata sunansa, kuma a 1685 aka ba shi fili sama da hekta 700 a bayan Dutsen Tebur, ya kira shi Constantia. A zamaninsa ne kuma, a 1688, wasu Faransawa da suka gudo daga tsangwamar addini suka sauka, aka zaunar da su a kwarin da ake kira Franschhoek, ma'ana kusurwar Faransawa. Wani abu game da Van der Stel da ya sa na dakata: kakarsa ta wajen uwa 'yar Indiya ce da aka 'yanta daga bauta. Bayan ya rasu a 1712 aka rarraba gonar, kuma babban ɓangarenta, Groot Constantia, ya faɗa hannun Anna de Koningh a 1724 bayan mutuwar mijinta. Ita ma an haife ta cikin bauta, 'yar wata baiwa ce daga Bengal, kuma ita ma da bayi ta riƙe gonar. Duk wanda ke son tarihi mai fari da baƙi tsantsa, a nan zai sha wahala.

Sunan Constantia ya kai ƙololuwa ne bayan Hendrik Cloete ya saye ta a ƙarshen shekarun 1770. Giyarta mai zaƙi ta shiga fadojin Turai, kuma ita ake kai wa Napoleon a tsibirin Saint Helena inda aka tsare shi har ya mutu a 1821. Labarin Napoleon babu ɗakin ɗanɗanon da ba za a ba ka shi ba a wannan kwarin.

Ni mai aikin rumbun bayanai ne, kuma sana'ar ta koya mini cewa in kana son sanin yadda mutane suka ɗauki abu, ka duba gurbin da suka ajiye shi a cikin jadawali. Turawan Holan sun iya rubuta lissafi. In mai gona ya mutu, sai jami'an rabon gado su zo su jera duk abin da ya bari, kuma an kwafe da yawa daga cikin waɗannan takardu an sa a intanet. Za ka ga gangunan giya kaza, shanun huɗa kaza, kujeru, tukwane, sannan a cikin jeri guda, bayi maza kaza, mata kaza. Sunayen ma ba nasu ba ne. Sau da yawa akan liƙa wa mutum sunan wata, a haɗa da inda aka ɗauko shi, sai ka ga irin su September van Bengalen, wato Satumba mutumin Bengal. Shi ya sa har gobe akwai iyalai a Cape masu sunan dangi Januarie ko September ko October. Masana sun ƙiyasta cewa an shigo da bayi wajen 63,000 tsakanin 1652 da 1808, daga Indiya da tsibiran Indonesiya da Madagaska da Mozambik. Noman inabi aikin hannu ne daga sassabe har matsa, saboda haka gonakin giya na cikin waɗanda suka fi tara bayi.

Da yawa daga cikin bayin nan Musulmi ne, ko kuma sun musulunta a can. Wata doka ta 1770 ta hana sayar da bawan da aka yi wa baftisma, sai iyayengiji suka ja baya da shigar da bayinsu Kiristanci don kada dukiyarsu ta maƙale, Musulunci kuwa ya karɓe su. Akwai kuma wani lissafin da masu gonaki suka yi: bawa Musulmi ba ya sha, don haka shi ya fi dacewa a ba shi amalanken giya ya kai birni ba tare da ganga ta ragu a hanya ba. Tsoron Allahnsa ya zama ribar ubangidansa.

Birtaniya ta karɓe Cape a 1806, kuma ranar 1 ga Disamba 1834 aka soke bauta. Sai dai an tilasta wa bayin su ƙara shekara huɗu suna yi wa iyayengijin nasu aiki da sunan koyon sana'a, har 1838. Aka biya diyya ta sama da fam miliyan 1, amma ga masu bayin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waɗanda aka 'yanta sun fita ba fili ba jari, yawancinsu suka koma gonakin da suka baro, kuma dokokin ubangida da bara na 1841 da 1856 suka mai da barin aiki kafin wa'adi laifin da ake ɗaure mutum a kansa. Sai a 1974 aka soke irin waɗannan dokoki.

A nan kofin Van Riebeeck ya dawo. Masu gonaki suna da giya mai arha wadda ba ta sayuwa, suna kuma son ma'aikacin da ba zai tafi ba. Sai aka riƙa biyan wani ɓangare na lada da giya, ana zuba wa ma'aikaci a gwangwani sau da dama a rana, tun daga safe. Ana kiran tsarin dop da harshen Afrikaans. Mutumin da jikinsa ya saba da wannan ba shi da inda za shi, domin maganin rawar hannunsa yana wurin mai gona. A farkon shekarun 1960 doka ta hana biyan lada da giya, amma ta bar ƙofa: ana iya bayarwa a matsayin kyauta. Aka ci gaba a gonaki da yawa har shekarun 1990, sai dokar barasa ta 2003 ta toshe ƙofar. Tsugune dai ba ta ƙare ba. Uwar da ke sha da ciki tana iya haifar yaro mai tawayar ƙwaƙwalwa ta har abada, kuma binciken likitoci ya nuna cewa garuruwan gonaki na Yammacin Cape suna cikin wuraren da wannan lalura ta fi yawa a duniya.

Shi kansa ɗakin ɗanɗanon ba tsoho ba ne, duk da fararen gine-ginen da ke kewaye da shi. Bayan wani ƙwaro mai cin saiwar inabi ya lalata gonaki daga 1886, da kuma faɗuwar kasuwa, manoma suka kafa ƙungiyar KWV a 1918, wadda ta daɗe tana juya harkar, yawancin manoma kuma suna kai inabinsu ga ƙungiyoyin haɗin gwiwa ne kawai. A 1971 wasu masu gonaki uku, Frans Malan da Niel Joubert da Spatz Sperling, suka buɗe hanyar yawon gonakin giya ta Stellenbosch, bayan biyun farko sun ga irinta a Burgundy ta Faransa. Lokacin mulkin wariyar launin fata na kan ganiyarsa. An tsara zauren ne da labarin da ake bayarwa a cikinsa domin baƙon da ya yi kama da mai gidan, kuma da ƙasar ta buɗe bayan 1994 aka sami baƙi daga ko'ina, labarin bai canza da saurin da baƙin suka canza ba.

In faɗi gaskiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A gidan tarihin da ke Groot Constantia akwai bayani kan bayin da suka yi aiki a wurin, kuma gonar Solms-Delta a Franschhoek ta yi fice wajen tono tarihin bayi da ma'aikatanta. Ban kuma ga laifin budurwar da ta yi mana bayani ba. An ɗauke ta ne ta sayar da kwalba, kuma mai kofi a hannu bai cika son jin labarin bulala ba. Amma batun lada bai zama tarihi ba tukuna. A ƙarshen 2012 ma'aikatan gonakin inabin ci na De Doorns suka shiga yajin aiki, ya bazu zuwa wasu garuruwa. Mafi ƙarancin ladan yini a lokacin rand 69 ne, suka nemi 150, gwamnati ta tsayar a kan 105 a 2013.

Washegari, kafin jirgina, dattijon direban ya ce zai nuna mini wani wuri. Muka bi ta Constantia har bakin ƙofar gonar Klein Constantia. A gefe, cikin bishiyoyi kusa da ruwa, akwai wani ƙaramin gini mai ƙubba. Hubbaren Shaihu Abdurrahman Matebe Shah ne. Bisa abin da Musulmin Cape suka riƙe, shi da Sayyid Mahmud, wanda nasa hubbaren ke kan wani tudu ba nisa, manya ne daga Sumatra da Turawan Holan suka koro a ƙarshen shekarun 1660 suka jefa su cikin dajin wannan kwari, tun kafin a ba Van der Stel filin, kuma sun karantar da bayin da suka tarar. Muka cire takalma muka shiga. An lulluɓe kabarin da yadudduka masu launi, ɗakin yana ƙamshin turaren wuta. Dattijon ya ɗaga hannu, ni ma na ɗaga. Muna fitowa wata doguwar mota cike da baƙi ta rage gudu, ta karya kwana ta shige ƙofar gonar.