Take Kafin Hoto: Bahasi a Kan Makaɗan Zamani da Littattafan Almara a Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya baro kara inda ake cinikin raƙuma da shanun da aka koro daga Nijar, ya ratsa ta layin masu cajin waya, zai tarar da wani ciniki wanda ba ya buƙatar igiya ko dillali. Saurayi ne zaune gaban kwamfuta a rumfar langa-langa, direbobi da fatake suna miƙa masa waya yana tura musu wa'azi da waƙa da fim, a cikin abin da ake nema kuwa har da littattafan yaƙi waɗanda wani mai zaƙin murya ya karance a faifai. Na taɓa tsayawa a irin wannan rumfa ina sauraron ƙissar wani sadauki da ya kutsa kogon aljanu, sai na lura kiɗan da aka shimfiɗa ƙarƙashin muryar mai karatun daga wani fim na Indiya aka yanko shi, har sadaukin ya zare takobi sarewar masoya tana tashi. Babu wanda ya damu a rumfar, amma ni abin ya tsaya mini a rai.

Mas'alar da wannan maƙala ke son warwarewa ita ce: yanzu da yake samari masu haɗa kiɗa da kwamfuta sun yawaita, ba su ƙarƙashin sarki ko kamfani, wace alaƙa ta kamata su ƙulla da littattafanmu na almara? Da'awata ita ce bai wajaba su jira mai shirya fim ba, kuma hanyar da za su bi tana nan cikin gadonmu, wato take.

Almara a rubuce da jinkirin hoto

Ƙagaggen labarin Hausa na boko da abin al'ajabi ya buɗe ido. Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, biyu daga cikinsu, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, sun kai jarumansu har ƙasashen aljanu. Daga baya Ahmadu Ingawa ya zo da Iliya Ɗan Maiƙarfi, Umaru Dembo kuma a 1969 ya hau sama da Tauraruwa Mai Wutsiya, har silsilar ta iso ga marubutan littattafan yaƙi na Kano irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Amma da aka zo batun majigi, sai rabon ya karkata. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, labari ne na bauta da hijira a duniyar mutane. Da masana'antar bidiyo ta Kano ta kankama da Turmin Danya a 1990 kuwa, littattafan da suka fi saurin komawa fim su ne na soyayya da zaman aure, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Dalilin a fili yake: labarin soyayya falo da lambu sun ishe shi, alhali labarin almara yana neman dawakai da rundunoni da birnin da babu shi a bayan ƙasa, abin da jarin galibin masu shirya fim ba ya ɗauka. Saboda haka makaɗin da ya ce sai an ɗauki hoto zai taɓa kayan kiɗansa, la'alla furfura ta riske shi yana jira.

Ƙiyasi daga wasu ƙasashe

Idan muka leƙa waje, za mu ga kiɗa ya sha riga hoto isa ga littafi. Rimsky-Korsakov na Rasha ya tsara kiɗansa a kan Shaharzad a 1888, ya ɗebo daga Dare Dubu Da Ɗaya tun ba a san majigi ba, ya keɓe wa mai ba da labarin sautin goge guda wanda duk sa'ad da ya dawo mai sauraro ya san ita ce ta karɓi magana. Littafin Tolkien na Ingila a kan zoben mulki, wanda ya fito a 1954 da 1955, Bo Hansson na Suwidin ya yi masa faifai a 1970, Johan de Meij na Holan ya yi masa wani kiɗa a 1988, duk kafin finafinan 2001 zuwa 2003 waɗanda Howard Shore ya yi wa kiɗa, yana ba kowace al'umma da kowane wuri nasa sautin. Fa'idar wannan ƙiyasi ita ce littafi kamar matani yake, kiɗan da aka gina a kansa kuma kamar sharhi; ba a taɓa jin malami ya ƙi yi wa matani sharhi don jiran wani ya yi masa hashiya ba.

Take a matsayin usuli

Wannan dabara ta keɓe wa kowane mutum sautinsa, wadda ake yaba wa Turawa da ita, Bahaushe ya daɗe da saninta, sunanta take. A hawan salla a Gumel, masarautar da gidan sarautarta na Mangawa ne, mai tsohuwar alaƙa da Barno, mutumin da ke bayan cincirindo ba ya buƙatar ganin lema kafin ya san wanda ke tafe, algaita da kakaki sun riga sun faɗa masa. A gonakin gero na Gagarawa da Sule Tankarkar, idan aka yi gayya mai gangar noma ya buga taken wani ƙato, sai ka ga ya sunkuya ya bar 'yan'uwansa a baya, tsikar jikinsa a tashe, ba tare da an ambaci sunansa ba. Ɗan dambe da ɗan tauri da mafarauci da mahauci kowa da nasa. Hatta masu garaya da goge na bori, waɗanda malamai suka yi hani da aikinsu, kuma ban kawo su nan ba face don hujja ta tarihi, kowane iska na Jangare, birnin iskoki, suna da kiɗan da suka san shi da shi. Ashe ke nan al'ummar da ta iya sifanta abin da ido bai gani ba da igiya ɗaya ta goge ba ta da uzurin aron sarewar Indiya domin ta raka sadaukinta kogo.

Bari mu ɗauki Ruwan Bagaja mu gwada. Labarin ya ginu ne a kan mutum biyu, Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, waɗanda suke rabuwa su sake gamuwa a gari bayan gari, kowa yana rama wa ɗan'uwansa keta. Makaɗi mai basira zai ba Alhaji take mai natsuwa a gurmi, ya ba Zurƙe take mai tsalle a kalangu, wanda yake iya kwaikwayon maganar mutum da dariyarsa, sa'an nan duk inda suka haɗu ya sa taken biyun su yi gardama, ɗaya ya danne ɗaya gwargwadon wanda ya yi nasara a wannan karo. Idan tafiya ta kai ga aljanu sai ya janye ganga gaba ɗaya, ya bar goge shi kaɗai. Wanda ya karanta littafin a makaranta zai bi ƙissar da kunnensa, ba tare da an furta kalma ba.

Shubuhohi da amsarsu

Mai suka zai ce kunnen Bahaushe waƙa yake bi, kiɗa maras baiti ba shi da kasuwa, musamman tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha da waƙoƙin nanaye suka mamaye finafinai, fim ɗin Sangaya ya zama zakaran gwajin dafi. A cikin wannan magana akwai gaskiya, sai dai ta manta cewa take shi kansa magana ce da aka ɓoye cikin sauti, kuma kasuwar farko ta irin wannan aiki tana nan a rumfar da muka fara da ita: masu karanta littafi a rediyo da YouTube da waya suna buƙatar kiɗan shimfiɗa kowace rana, a halin yanzu kuwa tsintowa suke yi. Wani kuma zai ce ai makaɗin talla kawai yake yi wa kansa, ko Kano ta ji ta kira shi. Babu aibi ga mai sana'a ya so a san shi. Aibin shi ne ya sanya sunan littafin wani a kan faifansa ba da izinin marubucin ko magadansa ko maɗaba'arsa ba, abin da ladabi ya hana tun kafin dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Haka nan dattijon da aka ɗauki sautin algaitarsa ko gangarsa, wajibi ne a ambace shi, a kuma biya shi, don kada a gyara zalunci guda a kafa wani.

Kammalawa

Natijar wannan bahasi ita ce saurayin da ke da kwamfuta da faranti ɗaya na sola a Gumel ko Maigatari yana da abin da takwaransa na babban birni yake rasawa, wato kusanci da masu take na asali, waɗanda yawancinsu shekaru sun ja, 'ya'yansu kuma ba lalle su gaje su ba. Da ɗaliban Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel za su haɗa kai da irin waɗannan samari, wasu su warware matani, wasu su bi ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya, da an samu taska kafin masu ita su kau. In Allah ya kawo mai jarin da zai ɗauki fim, ya tarar Zurƙe yana da takensa, jama'a sun riga sun haddace. In kuwa bai zo ba, direban da ya taso daga Maigatari da almuru zai ji sadaukinsa ya zare takobi da kiɗan da ya san ma'anarsa.