Filayen Wasa da Wuraren Shaƙatawa a Birnin Kano da Kewaye: Waiwaye da Ƙididdiga

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi rubuta tarihin Kano, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne sarauta da malanta da fatauci da sana'o'i. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi inda Kanawa suke hutawa bayan sun taso daga kasuwa ba, ko kuma inda 'ya'yansu suke guje-guje da tsalle-tsalle. A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bin diddigin irin waɗannan wurare a ƙananan hukumomi takwas da suka haɗu suka yi Kano da kewayenta, wato Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nassarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo. Abin da nake nufi da wurin shaƙatawa na jama'a shi ne duk wani fili ko lambu ko dutse ko gini da aka bar wa mutane domin wasa ko kallo ko shan iska. Zan kasa su gida uku bisa zamanin da aka same su. Manufata ita ce in nuna cewa filin da yake da suna a takarda yakan sami mai tsaya masa, amma wanda ba a taɓa rubutawa ba, ranar da aka gine shi babu mai hujjar yin magana.

Kashi Na Farko: Abin Da Muka Gada

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara ginin ganuwa, sannan sarakunan da suka biyo baya, musamman Muhammadu Rumfa (1463-1499), suka faɗaɗa ta. Magabata ba su ja ganuwa daidai bakin gidaje ba. Sun zagaye gonaki da fadamu da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin idan yaƙi ya tsare mutane a ciki su sami abin ci da wurin kiwo. Baturen nan Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar da ke cikin ganuwa ba. Shi ma Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya zo a 1851 ya tarar da sarari mai yawa, ya kuma kimanta mazauna birnin da kimanin mutum 30,000.

A irin wannan yalwa, babu wanda ya ga buƙatar a keɓe lambu a sa masa shinge a ce nan ne wurin wasa. Unguwa tana da dandalinta, mafi yawa a ƙofar gidan mai unguwa ko a wata mararraba mai faɗi. Idan farin wata ya fito, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa da a-sha-ruwan-tsuntsaye, dattawa kuma da rana su zauna a gindin durumi ko ceɗiya suna dara. Idan azumi ya kai kwana goma, daga nan 'yan tashe suke tashi su zaga gari. Bayan kaka kuwa, sai a kafa fagen dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne. Haka nan bakin kududdufai, waɗanda ramukan da aka haƙa ne domin ɗibar ƙasar gini, da kuma saman ganuwa da gefenta, duk wuraren wasan yara ne.

Akwai kuma manyan wurare da gari duka yake tarayya a kansu. Filin Idi na Ƙofar Mata da farfajiyar Ƙofar Kudu su ne matattarar jama'a a lokacin Sallah, kuma bisa al'ada hawan Daushe da na Nassarawa da na Ɗorayi da na Fanisau su ne kallo mafi girma da talaka yake samu ba tare da ya biya ko anini ba. Dutsen Dala shi ma yana da ranarsa, wato ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, lokacin da yara da manya suke hawansa. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai ya kamata mu lura cewa hawa ba ya yiwuwa sai da sararin da doki zai yi sukuwa da inda mai kallo zai tsaya.

Kashi Na Biyu: Zamanin Turawa

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun kafa mazauninsu a wajen ganuwa ta gabas, a Bompai da Nassarawa. Su ne suka kawo tsarin auna fili, a zana shi a taswira, a ba shi suna, a ce na wasa ne. Dokar tsarin garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ta tanadi a bar tazarar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai domin gudun zazzaɓin cizon sauro. A garuruwa da dama irin wannan sarari ne aka mayar wurin wasannin Turawa. A wannan zamani ne Kano ta sami Filin Sukuwa da Filin Folo da kuma kulob ɗin Turawa mai filin wasan golf. A ɗaya daga cikin filayen dawakin nan ne jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya suka sauka a watan Nuwamba na 1925, bayan sun taso daga Masar.

Dole a faɗi gaskiya, ba domin talakan birni aka yi waɗannan filaye ba. Amma da yake an auna su an rubuta, sun rayu bayan masu su sun tafi, har suka zama wurin motsa jiki da ƙwallo da tarurrukan siyasa. Abin da ya fi kusa da 'ya'yan talakawa a wancan lokaci shi ne filin makaranta. Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawa a 1909, zuwa Makarantar Midil ta Kano ta 1927, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, an ɗauki fili da wasan motsa jiki a matsayin wani ɓangare na karatu. Ta wannan ƙofa ƙwallon ƙafa ta shiga unguwanni, har ta ture langa da kokawa a zukatan samari.

Kashi Na Uku: Bayan Samun Jiha

Tun kafin a ƙirƙiro jiha, hukumar tsara birnin Kano ta sa wani masani mai suna Trevallion ya tsara yadda garin zai bunƙasa daga 1963 zuwa 1983. Sai dai garin ya yi girman da ya zarce abin da aka zana. Da aka kafa Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Alhaji Audu Baƙo (1967-1975), Allah Ya jiƙansa, ya ba wannan fanni muhimmanci ƙwarai. A farkon shekarun 1970 ya kafa Gidan Zu, wanda yake ɗauke da sunansa, a wurin da a lokacin bayan gari ne. A zamaninsa ne kuma aka yi madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, aka gina masaukan baƙi a gefensu domin masu zuwa hutu. Waɗannan biyun suna wajen ƙananan hukumomin da nake magana a kansu, amma na ambace su ne saboda mutanen birni aka yi wa tanadinsu. Madatsar Bagauda ta ɓalle a daminar 1988, daga baya kuma aka mayar da otal ɗin reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. Ke nan ya fita daga lissafin wuraren shaƙatawa.

Ta fuskar wasanni, filin ƙwallo na Sabon Gari shi ne tsohon gida. Ƙungiyar Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, sannan Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ci a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na cin kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Bayan waɗannan akwai zauren wasanni na Ƙofar Mata, da filin Mahaha a Ƙofar Na'isa, da Cibiyar Matasa ta Sani Abacha a kan titin Madobi. Dambe kuwa ya tashi daga fagen unguwa ya koma gida mai ƙofa da kuɗin shiga, kamar dandalin Ado Bayero na Sabon Gari. A 'yan shekarun nan kuma an sami wuraren wasan yara na 'yan kasuwa da manyan kantuna irin su Ado Bayero Mall, wanda aka buɗe a 2014, inda iyaye masu hali suke kai 'ya'yansu yawon Sallah.

Abin Da Lissafin Ya Nuna

Idan muka jera waɗannan wurare muka dube su, abubuwa uku za su bayyana. Na farko, yawan jama'a ya tsere wa yawan fili nesa ba kusa ba. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomin nan takwas suna ɗauke da mutum kimanin miliyan 2.8, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin, alhali manyan filayen da muke taƙama da su kusan duk na zamanin Turawa ne ko na ƙarnin da ya wuce.

Na biyu, rabon bai yi daidai ba. Filayen Turawa suna gabas, a Nassarawa da kewayenta. Manyan unguwannin da suka tashi daga baya, irin su Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da Sheka da Rimin Kebe, mafi yawansu awon igiya ne, wato mai gona ya yanka ta fuloti-fuloti ya sayar. Wanda yake sayar da gonarsa kuwa ba zai bar kadada guda domin 'ya'yan wasu su yi ƙwallo ba. Saboda haka inda yara suka fi yawa, nan ne fili ya fi ƙaranci. 'Yan mata su ne suka fi kowa asara, domin namiji yana iya tafiya wata unguwa neman fili, amma gaɗa ba ta wuce ƙofar gida, kuma da dandali ya tafi ita ma ta bi shi.

Na uku, kuma shi ne ginshiƙin maganata, dubi yadda kowane kashi ya ƙare. Gidan Zu yana nan duk da cewa gari ya kewaye shi, kuma da gwamnati ta bayyana niyyar mayar da shi Tiga a 2020, jama'a sun yi ta muhawara a kai. Da aka gina shaguna a Filin Idi da gefen Filin Sukuwa, an yi ta ce-ce-ku-ce, har gwamnatin da ta hau a 2023 ta rushe su, maganar ta kai gaban kotu, kotu kuma ta ba da umarnin a biya 'yan kasuwar Filin Idi diyya. Ba nufina ba ne in yanke hukunci tsakanin gwamnatocin biyu. Abin lura shi ne an yi jayayya a kan waɗannan filaye ne saboda kowa ya san sunansu da iyakarsu. To, wa ya taɓa jin an je kotu a kan dandalin unguwa? An cike kududdufai an yi gini, abin da ya sa ruwan sama ya rasa mazauni yake shiga gidaje. An yanki ganuwa a wurare da yawa, duk da cewa tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya take neman UNESCO ta amince da su. Filayen firamare kuma, tun daga shirin ba da ilimi kyauta na 1976, azuzuwa suke cin su ta ciki, daga baya shaguna suka riƙa cin su ta bakin titi. Duk wannan ya faru ne kaɗan-kaɗan, ba tare da wani ya rubuta ranar ba.

Shawara Ga Malamai Da Dattawa

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana, kuma akwai hukumar tsara birane ta jiha da aka ɗora wa alhakin kula da su. Amma hukuma ba ta kare abin da ba ta san da shi ba. A nan ne nake ganin malaman makaranta da dattawan unguwa suke da aikin da babu mai iya yi sai su. Shugaban kowace makaranta zai iya sa malamin tarihi ko na nazarin zamantakewa ya fita da ɗalibansa su yi rajistar duk wani sarari da ya rage a unguwarsu. A rubuta sunan da aka san wurin da shi, da tsawonsa da faɗinsa, da abin da yake maƙwabtaka da shi ta kowace kusurwa. A rubuta mai shi, ko gwamnati ce, ko masarauta, ko makaranta, ko waƙafi ne, ko gado. A rubuta irin amfanin da ake yi da shi, a ɗauki hotonsa. Filin makarantar kansa shi ya kamata a fara aunawa.

Daga nan sai a zauna da dattawa su faɗi filayen da suka sani a da waɗanda yanzu babu su, da wasannin da aka yi a cikinsu, da lokacin da aka gine su. Wannan shi ne tarihin da ba ya cikin kowane kundi, kuma duk dattijon da ya rasu ya tafi da nasa kason. Idan an gama, mai unguwa ya sa hannu, a ajiye kwafi a makaranta, a kai wa hakimi da ƙaramar hukuma da kuma hukumar tarihi. Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, littafi ne da igiyar awo da wayar hannu.

Kammalawa

A wannan maƙala na bi filayen Kano tun daga dandali da bakin ganuwa, zuwa filayen dawakin Turawa, zuwa Gidan Zu da manyan filayen ƙwallo. Magabata sun bar mana sarari a cikin ganuwa saboda sun yi tunanin ranar ƙunci. Mu ma akwai haƙƙin na baya a kanmu, domin yaron da bai sami fili ba, titi zai hau, kuma malamai sun fi kowa sanin abin da titi yake koya wa yaro. Hausawa suna cewa rigakafi ya fi magani. Rubuta filin da ya rage a yau ya fi sauƙi a kan rushe ginin da aka riga aka yi a kansa gobe. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya albarkaci zuriyarmu, amin.