Copro-Niger, Kantin da Ƙasa ta Buɗe wa Talakanta

A shekarar 1962, Nijar na da shekara biyu kacal da samun 'yancin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumomi uku waɗanda manomin ƙasar Magaria ya ji su har cikin aljihunsa. SONARA ta sayen gyaɗa, UNCC ta ƙungiyoyin manoma da bashin noma, sai ta ukun, wadda aka fi mantawa da ita yau, ni kuwa ita ta fi tsaya mini a rai: Copro-Niger, kamfanin kasuwanci na ƙasa. An haura shekara 60 da kafa shi. Samarin Bande da Dungass ba su ma san sunan ba, amma dattawa har yanzu in aka ce Copro sai ka ga fuska ta saki.

Sai an san halin da ake ciki kafin zuwansa sannan a gane darajarsa. Kasuwar ƙasar nan a hannun kamfanonin Turawa take, CFAO da SCOA da Niger Français, sai Kwarori da ke biye da su. Su ke sayen gyaɗa, su ke kawo kaya. In kaka ta yi, manomi ya ɗoro buhunansa a jaki ko raƙumi, a ɗora a sikeli, a ƙirga masa kuɗi. Taku kaɗan daga sikelin ga kanti a buɗe: atamfa, gishiri, sukari, ashana, kananzir, fitila, kwanon sha. Kuɗin da ya shiga hannunsa da hantsi, kafin la'asar ya koma inda ya fito, kuma ba shi da ta cewa a farashin ko ɗaya, na gyaɗar da na atamfar. Gyaɗa ta bi ta Kano, jirgin ƙasa ya kai ta Ikko. Da cinikin kaka ya ƙare kaya su yi wuyar samu a ƙananan kasuwanni, wanda ya rage kuwa mai shi ya sayar yadda ya ga dama.

Diori malamin makaranta ne tun asali. Ya koyar a Maraɗi, ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Faris, saboda haka ya san talakan ƙasar nan, ya kuma san Bafaranshe. Bai kori kamfanonin Turawa ba, don ya san ƙasar da ba ta da teku ba ta da masana'antu ba za ta iya wannan rigimar ba. Abin da ya yi ya fi haka hikima: ya kafa musu abokin gogayya wanda riba ba ita ce gabansa ba. Manufar Copro ita ce kayan masarufi su samu a ko'ina, rani da damina, a kan farashin da talaka zai iya. Wanda ya san taswirar Nijar ya san nauyin wannan alkawari. Kaya su sauka a Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Parakou, manyan motoci su ɗauka su haye kogi a Gaya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, sannan a ƙara wasu kimanin 90 zuwa Magaria. Ɗan kasuwa mai zaman kansa kowane kilomita a kan mai saye yake ɗora shi. Copro kuwa so yake nisan gari kada ya zama laifin mutanen garin.

Da kantuna aka fara, ana sayar wa jama'a kai tsaye. Daga baya gwamnati ta ba kamfanin ikon shigo da wasu kaya shi kaɗai, irin su sukari da gishiri da shayi da garin alkama, nauyin aikinsa ya koma kan sari. Ya kan sayar wa 'yan kasuwar da ya amince da su, su kuma su rarraba wa masu kantuna da 'yan tebur, gwamnati na sa ido a kan farashi. Ta nan ne kwalin sukarin da ya taso daga bakin teku yake isa teburin mai shayi a bakin tasha, ya fasa, ya sayar ƙwaya-ƙwaya. Akwai kuma wani alherin da ba a cika ambata ba: sari daga Copro da wakilcin sayen gyaɗa na SONARA suna cikin abin da ya tsayar da alhazan Maraɗi da Damagaram da ƙafafunsu, har suka gaji gurbin Turawa. Masani Emmanuel Grégoire ya bi diddigin wannan a littafinsa kan alhazan Maraɗi, wanda ya fito a 1986.

Tsakiyar shekarun 1960 su ne lokacin da komai ya zauna daidai. Gyaɗa ta yi albarka, kakar 1966 zuwa 1967 ta kai matuƙa, ita ke kawo wa ƙasa fiye da rabin kuɗin da take samu daga waje, kuma yankin Magaria da Matameye na kan gaba wajen noma ta. Akwai injin tatsar mai a Matameye, daga baya aka kafa na SEPANI a Magaria. Manomi ya sayar a kan farashin da aka sanar tun kafin a buɗe ciniki, ya sayi kayan gida a kan farashin da ya sani. Aure ya yiwu, an sauya wa iyali tufafin Sallah, an sayi ɗan bijimi.

Abin da ya biyo baya ba daga kanti ya taso ba. Farin 1973 da 1974 ya cinye dabbobi da rumbuna, sojoji suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Manomin da ba ya da gyaɗa ba ya da kuɗin kanti. Ga kayan masana'antun Kano na kwararowa ta Babban Mutum da Maigatari da araha, ga bashin da aka ci ba a biya ba. Da kuɗin yuraniyom ya ja baya a farkon shekarun 1980, Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka gindaya sharaɗin gwamnati ta cire hannu daga kasuwa. Aka janye wa Copro ikon da yake da shi, ya rushe kamar SONARA da bankin BDRN. An ce ya gaza. A ganina an cire masa ƙafa ne sannan aka ce bai iya gudu ba.

Manufar dai ba ta mutu ba, ta koma hannun OPVN, ofishin cimaka da aka kafa a 1970. Duk shekarar da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi, ana buɗe sayar da hatsi da rahusa, a shekarun baya-bayan nan buhu mai kilo 100 a kan jika 13. Wanda ya tsaya a wurin ya san abin da nake nufi: layi tun da sassafe, mata da 'yan kuɗi ƙulle a bakin zane, ana auna gero tiya-tiya don buhu ɗaya ya wadaci gidaje da yawa. A ƙarancin abincin 2005 da 2010 an ga amfanin ɗakunan ajiyar OPVN ƙarara.

Sai dai hatsi ba shi kaɗai ne tukunya ke bukata ba. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 900,000 a Magaria da Dungass in an haɗa, kuma rayuwarsu a jingine take da iyaka. Najeriya ta rufe ta daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin CEDEAO ya zo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Kowane karo mai teburi a Wacha da matar gida a Mallawa su ne farkon waɗanda ke ji a jikinsu. Ba ina kiran a hana 'yan kasuwa shigo da kaya ba, wancan zamanin ya wuce. Abin da nake roƙon hukumomi shi ne kanti tsayayye a kowace cibiyar ƙaramar hukuma, daga Sassoumbroum da Yekuwa har Guci da Dogo-Dogo, mai sukari da gishiri da man girki da shinkafa, a rubuta farashi a allo a bakin ƙofa, a sayar kuɗi hannu ba bashi ga kowa komai girmansa, a kuma fara cika shi tun watan Afrilu kafin ruwa ya yanke hanyoyin ƙauye.