Fotasiyam naitiret: Gishirin da ke cikin albarushi da taki da abinci

A kusa da garin Clichy-sous-Bois da ke arewa maso gabashin birnin Paris, akwai wani gandun daji da iyalai ke zuwa shan iska. A nan ne masana'antar albarushi ta Sevran ta yi aiki daga 1873 zuwa 1973. Ƙashin bayan albarushi kuwa shi ne sinadarin fotasiyam naitiret, wanda Faransawa ke kira salpêtre.

Yaya yake?

Farin gishiri ne marar ƙamshi. Yana narkewa a ruwa, musamman ruwan zafi. Idan kuma aka gasa shi, yana zama ruwa da zarar zafi ya kai digiri 334 a ma'aunin Salshiyas.

Shi kansa ba ya cin wuta, sai dai yana sakin iskar oksijin da ke rura ta. Shi ya sa kashi 75 cikin 100 na albarushi wannan gishiri ne, sauran kuwa gawayi da farar wuta. Da albarushin ne 'yan bindiga ke yi wa sarki buɗa a hawan sallah a Kano da Katsina.

Tarihinsa a Faransa

Asibitin Salpêtrière na Paris, wanda Sarki Louis na 14 ya kafa a 1656, ya samo sunansa ne daga wannan gishiri, domin a da ana haɗa albarushi a wurin. A 1775 aka naɗa masanin kimiyya Antoine Lavoisier cikin masu kula da samar da albarushi a ƙasar. A watan Agustan 1794 kuma, masana'antar albarushi ta Grenelle ta yi bindiga, inda ɗaruruwan mutane suka halaka.

Amfaninsa a yau

Manoma na amfani da shi a matsayin taki. Ana ƙarfafa gilashi da shi, ana sa shi a man goge baki na masu tsamin haƙori, sannan tashoshin lantarki masu amfani da zafin rana na adana zafi a cikin narkakken gishirin. A Turai kuma yana cikin abin da ake adana sarrafaffen nama da shi, a ƙarƙashin lamba E252.

Haɗarinsa

A 2015, hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Lyon ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke haddasa cutar. A 2022 hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta nemi a rage irin waɗannan sinadarai a abinci.

Idan mutum ya sha shi da yawa, yana rage ƙarfin jini wajen ɗaukar oksijin. Dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa 'yan kasuwa su kai rahoton duk cinikinsa da suka yi shakku a kai. Mai ajiyarsa kuwa, tilas ya nisanta shi da wuta da man fetur da gawayi.