Rikodar DVD: Na'urar Da Ta Ceci Kaset-kaset Ɗinmu

Mai karatu, ka tuna zamanin da bidiyo ke tauna kaset ɗin bikin gidanku, kowa ya yi tsuru-tsuru? To, rikodar DVD ce ta fara share wa mutane wannan hawayen.

Kamfanin Pioneer ne ya fara fitar da ita a Japan a ƙarshen 1999. Panasonic ya biyo baya a 2000, sai Philips a 2001. Aikinta babu wuya: ka jona mata bidiyo ko talbijin da wayoyin nan uku, ruwan ɗorawa na hoto, ja da fari na sauti, ka saka faifai, ka danna jan maɓalli. Shi ke nan, ba ruwanka da kwamfuta. Faifai mai gigabait 4.7 yana ɗaukar sa'a biyu da hoto garau. In ka cusa masa shida, hoton ya dushe.

Sai dai fa akwai tarko. Kowane kamfani da irin faifansa: DVD-RW, DVD-RAM, DVD+RW. Kuma in ba ka "rufe" faifan DVD-R ba bayan ka gama ɗauka, wata na'urar ba za ta karanta shi ba.

Filasha da intanet sun ture ta gefe, kuma a 2016 kamfanin Funai ya daina ƙera bidiyon kaset. Shi ma faifan ba dawwamamme ba ne, rana da ƙarzuwa na cin sa. Don haka in kana da na bikin iyayenka a durowa, ka kwafe shi tun yana karantuwa.