Tayar da Tsohuwar Peugeot a Ƙasar Kurfai

Tayar da motar da ta yi shekaru a kan duwatsu wani reshe ne na kanikanci mai ƙa'idojinsa, kuma a Filinge da kewayenta, wato ƙasar Kurfai, tarihinsa ya fi ɗauruwa da Peugeot, musamman 404 da 504. A Amurka masu irin wannan aiki sun fi bin motoci masu ƙaton inji kamar Ford Mustang da Pontiac GTO, waɗanda suka fito a 1964, suna gyara su don sha'awa da nuni. A ƙasar Kurfai neman abinci ne ke sa a tuna da motar da ta kwanta a bayan gida: magada sun raba gado ta faɗo wa ɗaya, ko direba ya rasa kuɗin sayen wata.

Filinge na cikin Dallol Boso, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kan hanyar da ta ratsa Baleyara da Bonkuku. Da an sauka daga kwalta sai rairayi da kwazazzabai, kuma ranar kasuwa ana ɗora wa mota buhunan hatsi da wake da tumaki da mutane a lokaci guda. Irin wannan ƙasa ce ta tace motoci, ta bar masu jure mata.

Kamfanin Peugeot ya fito da 404 a 1960, shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, sannan 504 ta biyo baya a 1968. Ƙirarsu kusan ɗaya ce: inji mai silinda huɗu a gaba, a kishingiɗe gefe guda, ƙafafun baya ke tura mota, cikinta kuma a ɗage daga ƙasa. Injin 404 na fetur yana da cc 1,618, na 504 kuwa 1,796 ko 1,971, ban da na gas. Abin da ya ƙara musu daraja a wurin makanikai shi ne rigunan silinda da ake zarewa a sa sababbi, ba sai an kai gangar injin wurin masu gurza ƙarfe ba. Nasarorin 404 a tseren Safari na gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, da na 504 a 1975, sun yi musu talla, ko da yake direban tasha ba ya buƙatar labarin tsere kafin ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Motocin sun shigo ta hanyoyi uku. Akwai sababbi da ma'aikatun gwamnati da 'yan kasuwa suka saya, musamman a ƙarshen shekarun 1970 lokacin da kuɗin uraniyom ya yi albarka a zamanin Seyni Kountché, wanda shi kansa ɗan Fandu ne a wannan yanki. Idan irin waɗannan suka tsufa akan yi gwanjonsu su koma tasha. Akwai kuma na Najeriya, inda masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975 ta kuma ci gaba da 504 har 2006, shekaru da yawa bayan an daina yin ta a Faransa. Ta uku ita ce hanyar hamada: matasan Turawa kan sayi tsohuwar Peugeot da arha a ƙasarsu, su keto Aljeriya ta Tamanrasset da Assamaka zuwa Arlit da Agadas, su sayar su biya kuɗin komawa gida. Wannan ciniki ya mutu a farkon shekarun 1990 sanadin yaƙin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar.

Karyewar darajar sefa a Janairun 1994 ta ninka kuɗin duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga Faransa. Daga nan motoci da yawa suka hau duwatsu saboda ƙaramin abu, kuma daga nan ne sana'ar haɗa mota ɗaya daga gawar biyu ko uku ta kankama. Ana neman kaya a kasuwannin tsofaffin ƙarafa na Yamai, irin su Katako, abin da ya gagara kuma a aika Kano, Ƙofar Ruwa, ko Panteka ta Kaduna. A daidai wannan lokaci motocin Japan na hannu, da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, suka fara ƙwace lodin fasinja, Toyota Hiace a kan gaba.

Aikin kansa yana da tsari, kuma gaggawa ce ta fi kashe inji. Bushewar ƙasar takan kare jikin mota daga tsatsa, sai dai gindin ƙofofi da daɓen ƙasa inda ruwan damina ke kwanciya. Ɓarnar tana wani wuri. Rana ta cinye duk wata roba, ƙurar hunturu ta shiga ko'ina, ɓeraye sun gurgure wayoyi sun yi sheƙa a cikin matatar iska, fetur ɗin da aka bari a tanki ya zama danƙo. Gogaggen makanike ba ya fara da makulli. Zai cire fulogogi huɗu, ya ɗura baƙin mai gauraye da gas a kowace silinda, ya bar ta kwanaki. Bayan nan sai ya kama injin ya gwada juya shi da hannu, a 404 da ƙarfen wani da ake sakawa ta gaba. In ya juya, akwai sa rai. In ya ƙi, sai a buɗe kai a zare fistan da riguna, a duba ko zobba sun kama.

Ranar tayarwa ba a taɓa tankin mota. Akan rataya galan a saman gilashin gaba, a jawo siririn tiyo zuwa kafireta, a aro batir, yaron gareji ya tsaya da tsumma a hannu yana toshe bakin kafiretar yana saki har injin ya yi tari ya kama. Kunnen maigidan gareji na kan ƙarar, idonsa na kan hayaƙi: shuɗi alamar zobba na barin baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa alamar ruwa na shiga silinda, wato gasket ɗin kai ya ƙone. Sai an tabbatar da injin ake sauke tanki a wanke, a kai lagireto wurin mai lici, a koma kan kuloci da giya.

Tsohuwar 404 salun tana da wani tarko a gadar baya. Haƙoranta na tagulla ne masu tafiya a kan dunƙulen ƙarfe mai murɗe, kuma mai na musamman suke sha. Wanda ya zuba musu man giya na yau da kullum zai iya cinye su, kuma samun madadinsu a yau wahala ne. Birki kuwa shi ne sashen da mai mota ya fi son a tsallake don rage kuɗi, alhali robobinsa sukan bushe, man ya sha ruwa, fistocinsa su maƙale. Makanike mai mutunci ba ya sallamar mota kafin ya warware ƙafafun huɗu, tayu kuma ko da zanensu bai goge ba a sake su.

Sauran aiki na wasu hannaye ne: mai walda ya ƙarfafa shasi ya ƙara ganyen sifirin idan akori-kura ce, mai bugun jiki ya daidaita lanƙwasa, mai waya ya sake shimfiɗa, mai kujeru ya yi sabuwar riga da leda, fenti ya zo a ƙarshe in kuɗi ya rage. Sai takardu, wato katin mallaka da inshora da binciken lafiyar mota, waɗanda kan yi wuya idan sunan mamaci ne a jiki.

Sana'ar ta ragu. Babura 'yan Sin sun ɗauke ƙananan tafiye-tafiye tun shekarun 2000, rashin tsaro a jihar Tilaberi ya taƙaita zirga-zirgar kasuwannin arewa wajen Abala, rufe iyaka da Benin a 2023 ya ƙara tsadar kaya, 504 ta fetur kuma mashayiya ce. Matasan makanikai sun fi koyon motoci masu kwamfuta, waɗanda na'ura ke faɗin ciwonsu. Waɗanda har yanzu ake ɗagawa daga kan duwatsu galibi akori-kura ne na 504, da aka fara yi a 1979, domin suna iya mayar da kuɗin gyaransu da dakon hatsi da itace da dabbobi tsakanin ƙauyuka da kasuwannin mako. Salun da doguwa mai kujeru bakwai yawanci ana sayensu ne don a farke su a ciyar da akori-kurar da kayansu.