Amos 'n' Andy: wa ke dariya, wa ake yi wa?

Jama'a, gardamar da ake ta yi kan masu barkwanci a TikTok da ke kwaikwayon maganar wasu ƙabilu ta tuna min da wani tsohon shirin rediyo na Amurka, Amos 'n' Andy.

Fararen fata biyu ne suka ƙirƙiro shi, Freeman Gosden da Charles Correll. Sun fara a 1926 a gidan rediyon WGN na Chicago da sunan Sam 'n' Henry. Da suka koma WMAQ a 1928, WGN ta riƙe sunan, dole suka sauya. A 1929 NBC ta fara watsa shi a faɗin ƙasar, kamfanin man goge baki na Pepsodent yana ɗaukar nauyi. Minti 15 ne kacal, amma har gidajen sinima kan dakatar da fim a kunna wa 'yan kallo shirin.

Labarin wasu baƙar fata biyu ne da suka baro jihar Georgia suka zo birni neman abinci, suna haya da wata akwalar mota. Turawan nan biyu su ke sauya murya, suna kakkarya Turanci a matsayinsu.

Baƙar fata kansu sun rabu. Wasu na sauraro suna dariya. Amma a 1931 Robert Vann, mai jaridar Pittsburgh Courier, ya shiga tara sa hannun jama'a don a soke shirin. Da CBS ta kai shi talabijin a 1951, baƙar fata na gaske ne suka fito, duk da haka ƙungiyar NAACP ta ce cin fuska ne. A 1953 aka daina shiryawa, a 1966 aka janye maimaicin. Na rediyo ya ƙare a 1960.

Ni abin da na ɗauka shi ne: mu ma muna da wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zagezagi, kuma ba a faɗa, don in ka jefa za a rama. A can kuwa ɓangare ɗaya ne ke riƙe da makirufo, miliyoyin da ba su taɓa zama da baƙar fata ba suka ɗauka haka suke.

To, kafin ka tura bidiyon nan gaba, tambayi kanka: wanda ake kwaikwaya, in yana zaune kusa da kai, zai yi dariya?